Neman shawara: Gurmi nake kaɗawa, Baba ya ce ba mu gaji roƙo ba

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Don Allah a ɓoye sunana.

Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Auyo, shekarata 19. Bana na gama sakandare, na samu kiredit a Turanci da Hausa da Lissafi da sauransu, amma ban zauna jarabawar adabin Turanci ba, don makarantarmu ba ta da malaminsa. Tun ina ƙarami nake zama wurin wani dattijo maƙwabcinmu mai kaɗa gurmi. Da fari riƙe masa jaka nake yi, daga baya ya bar ni ina ɗaure tsirkiya ina shanya fata, har hannuna ya faɗa. Yanzu ana kirana biki da gayya, kuma ina da littafi cike da waƙoƙin da na tsara da kaina, kan noman shinkafa, da ciyawar kacala da ta cinye mana fadama, da ambaliyar 2022.

Baba ya ce gidanmu ba mu gaji roƙo ba, in zaɓi makaranta ko gona. Kawuna ya ce zai biya mini NCE, wato karatun malanta, a Kwalejin Ilimi ta Gumel. Sai kuma wani a Kano da ya ga bidiyona a TikTok ya ce in zo ya koya mini fiyano, in riƙa kwana a situdiyonsa, amma in ajiye gurmi don zamaninsa ya wuce. Ni kuwa kiɗan nake so in karanta, ya zama sana'ata da mutunci. Akwai makarantar da ake koyar da shi? Ina zan dosa?

Malamin Hausa, Ringim:
Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da maganar makaranta, don a nan yara da yawa ke ɓata shekara suna cike abin da bai dace da su ba. Sashen kiɗa zalla, inda ake koyon rubuta sauti da karanta shi a takarda, ya fi yawa a jami'o'in kudu. Na Jami'ar Nsukka shi ne na farko, tun 1961. A kusa da mu, Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello a Zariya suna da sashen wasan kwaikwayo da fasahar dandali, amma ƙarfinsu a wasan yake, kuma galibi sai da adabin Turancin nan da ba ka zauna ba. A Jos akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa, ga wanda ke son aikin sauti da hoto.

Ni shawarata, kada ka raina tayin kawunka. Ka karɓi Gumel, ka ɗauki Hausa. Mutane ba su san cewa waƙar baka darasi ce mai zaman kanta ba: za a koya maka turke, da salo, da zubi da tsari, da yadda ake gina ɗiyan waƙa a kan gindinta, da karin murya. Abin da kake yi da kunne za ka san sunansa da dalilinsa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya ƙarar da shekarunsa kan nazarin makaɗa da mawaƙan Hausa, ɗalibai na samun digiri a kansu. Shekara uku ka gama NCE, in ka so ka shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Kuma wanda ya shigo aji da gurmi a hannu ya fi mu da muka karanta shi a littafi kawai.

Mai buga kiɗa a situdiyo, Kano:
Ɗan'uwa, a cikin harkar nake ci nake sha, saboda haka ka saurare ni da kyau. Wanda ya ce ka ajiye gurmi bai yi maka adalci ba. Masu danna fiyano sun cika Zoo Road, yaro mai kwamfuta da manhajar FL Studio zai haɗa maka kiɗa kafin shayinka ya huce. Amma in furodusa ya ce yana son gurmi na gaske ko kukuma a cikin waƙa, sai an yi ta kiran waya ana cigiya. Abin da ke hannunka shi ne jarinka. Fiyano ka koya, ban hana ka ba, zai buɗe maka kai wajen sanin ma'aunin sauti, amma ƙari ne a kan gurmi.

Batun kwana a situdiyo kuma, na ga yadda yake ƙarewa. Yaro ya zo daga ƙauye, ya zama shi ne mai shara, mai sayo abinci, mai yin amshi kyauta. In ya kawo baiti mai daɗi a ba wani babba ya rera, sunansa ko a ƙarshen bidiyo babu. Ba kowane maigida ne haka ba, akwai na kirki, amma kai ba ka san wannan ba, shi ma bai san iyayenka ba. In da gaske yake, ya zo ƙauyenku ya gaida mahaifinka.

Littafin nan naka, kada ka tura wa kowa hotonsa. Ka rera kowace waƙa ka naɗa a waya, ka adana. In za a ɗauki muryarka ko kiɗanka, a rubuta a takarda wa ke da waƙar, nawa za a ba ka, a sa hannu gaban shaidu. Dokar haƙƙin mallaka tana bayanka, sai dai ba ta aiki da "ai mun yi magana". Sannan a Kano akwai Hukumar Tace Fina-finai, tun 2001, mawaƙi na yin rajista da ita kuma ana kai mata waƙa ta duba. Kuɗin YouTube da ake ruɗin yara da shi, ana neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin a fara raba maka kuɗin talla. Yawancinmu da biki da tallan kamfanoni muke riƙe gida.

Wani matashi, Wudil:
Ni ban yarda da maganar NCE ba. Masu takardar nan nawa ne ke zaune ba aiki? Murya da farin jini lokaci gare su. Ka tafi Kano yanzu da jininka ke tafasa, karatu ba ya guduwa.

Wata uwa, Birnin Kudu:
Kai yaron Wudil, Allah ya shirye ka, har da cewa ya tafi, uban nasa fa? Ɗana mai tambaya, duk shawarar da aka ba ka a nan ba ta da amfani in ka fita gida mahaifinka na fushi. Ka fahimci abin da yake tsoro. Ba tsirkiya yake ƙi ba. Yana tsoron ranar da za ka je neman aure a ce wa wakilanku "ba ma ba maroƙi", yana tsoron ya gan ka a bakin kasuwa kana bin mai babbar riga ana jefa maka kuɗi a ƙasa. Mu da muka aurar da 'ya'ya mun san ana yin wannan binciken har gobe.

Kada ka tsaya gabansa kana jayayya. Ka samu kawun nan naka, tunda shi ya nuna yana son ci gabanka, ku je da wani dattijo da Baba ke jin nauyinsa. A ce masa ka karɓi makaranta, abin da kake roƙo kawai a bar ka da gurminka a lokacin hutu, kuma ka yi alkawarin inda ba za ka taka ba: ba gidan gala, ba zagin kowa, ba habaicin siyasa. Ka rera wa mahaifiyarka waƙar ambaliyar nan a tsakar gida. Maganar za ta isa inda kake so ta isa.

Dattijo, tsohon makaɗin 'yan dambe, Gumel:
Jikana ne ya karanta mini, na ce ya rubuta. Yaro, ƙasarku ƙasar gurmi ce, marigayi Haruna Uji na Haɗeja da shi ya yi suna har inda ƙafarsa ba ta je ba. Abin da nake jiye maka guda ne: maigidan nan naka tsoho ne. Akwai take a hannunsa da in ya tafi sun tafi, take na manoma daban, na mafarauta daban, na mahauta daban. Kafin ka je ko'ina, ka zauna da shi ka naɗe su a wayarka, ka tambaye shi na wane ne, yaushe ake kaɗa shi, wa ya koya masa. Ka koyi haɗa gurmin tun daga zaɓen ƙoƙo. Kuma kada ka je wurinsa hannu rabbana, ko goro ne ka riƙa. In Allah ya kawo ka Gumel ka neme ni, ana yin dambe bayan kaka, ka ga yadda kalangu ke tsima ƙato.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Inna, na yi magana da Kawu, ya ce zai zo ranar Juma'a da limamin unguwarmu. Mutumin Kano na gaya masa ya zo ya ga Baba, har yanzu bai amsa ba. Malam, in na shiga Gumel, zan iya sake zama jarabawar adabin Turancin don in bar ƙofar Bayero a buɗe?

Malamin Hausa, Ringim:
Za ka iya. WAEC da NECO duk suna da jarabawar masu zaman kansu, kuma makarantu da yawa na karɓar sakamakon zama biyu a haɗe. Ka nemi jerin littattafan da aka sa na shekarar da za ka zauna, don ana canza su, ka fara karantawa tun yanzu. Shiga NCE ma ta hannun JAMB ake bi, saboda haka ka tabbatar lambarka ta NIN na nan, kuma sunanka da ranar haihuwarka sun yi daidai da na takardar sakamakonka kafin a buɗe rajista.