Dan Allah a ba ni shawara, aikin mastas ɗina kan gidan Mahon na Strokestown ya tsaya cak

Mai tambaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin dan Allah a ɓoye sunana. Ina karatun mastas a fannin tarihi a nan Ailan, wallahi yau kwana huɗu kenan ina buɗe kwamfuta ina rufewa ko layi ɗaya ban ƙara ba, barci ma ya gagara. Bari in faro tun daga tushe.

Bara lokacin sanyi wata 'yar ajinmu ta ja ni muka je Strokestown, wani ɗan ƙaramin gari a gundumar Roscommon, ni ba ma don tarihi na bi ta ba, zaman ɗaki ne ya ishe ni, ga ruwa ana ta tsugawa tun asuba ga takalmina ya jiƙe sharkaf tun kafin mu isa. Titin garin faɗi ne da shi na ban mamaki, kana miƙe shi sai ya kai ka ƙofar gidan masu ƙasar, wato iyalan Mahon. Aka zaga da mu ɗakuna, ban ji komai ba sai da muka shiga kicin. Akwai wata baranda a sama ta cikin kicin ɗin, a nan uwargida take tsayawa ta leƙo ta jefo wa kuku takardar abincin da za a dafa, ba sai ta sauko ta taka inda barori suke ba. Sannan akwai hanya ta ƙarƙashin ƙasa da ma'aikata ke bi don kada masu gida su gan su suna gilmawa. Na tsaya a ƙasan barandar nan na ɗaga kai, sai na ji duk jikina ya yi sanyi. Daga nan muka shiga gidan tarihin babbar yunwar da ta afka wa Ailan a shekarun 1840, wanda ke cikin harabar, na karanta takardar koken mutanen Cloonahee, wani ƙauye a yankin, ta 1846 inda suke cewa iyalansu na wahala a gaban idonsu, ba za su iya jure kukan yunwar 'ya'yansu ba, aiki kawai suke roƙo. A bas muna komowa na ce wannan shi ne aikina.

Abin da na tsara shi ne tarihin gidan baki ɗaya. Daga Nicholas Mahon da ya samu ƙasar bayan yaƙin da Cromwell, jagoran sojan Ingila, ya yi a Ailan, zuwa ginin babban gidan a ƙarni na 18, zuwa Maurice Mahon da aka ba sarautar Baron Hartland a 1800 lokacin haɗe Ailan da Birtaniya, zuwa Manjo Denis Mahon da ya gaji gandun a 1845 da bashi jibge, aka harbe shi a 1847, har zuwa 1979 da Olive Pakenham Mahon ta sayar. Na rubuta babi biyu, malamin da ke duba aikina ya dawo min da su ya ce abin ya yi faɗi. Yanzu ban san me zan yanke ba. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Maman Ilham

Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita ƙanwata. Amma ba ki faɗa mana yaushe za ki miƙa ba, kuma kalma nawa aka ce? Shi malamin cewa kawai ya yi ya yi faɗi ko ya nuna miki inda za ki rage?

Baffa Mai Littafi

'Yata saurara da kyau, na duba aikin ɗalibai shekara da shekaru kafin in yi ritaya. Malaminki gaskiya ya faɗa miki, har ma ya yi miki sassauci. Shekara 300 a aikin mastas? Wannan ai littafi ne. Ki zubar da gini, ki zubar da Baron wane da wane, ki kama 1847 kaɗai. Shekarar nan ita ce ƙashin bayan labarin. Denis Mahon da wakilinsa John Ross Mahon suka zauna suka yi lissafi cewa kuɗin jirgin da zai kwashe manoman haya zuwa Kanada bai kai kuɗin ciyar da su a gidan gajiyayyu ba, domin doka ta ɗora wa mai ƙasa harajin talakawa na duk gonar da ƙimarta ba ta haura fam 4 ba. Ma'ana kowane matalauci da ya rage a gandunsa asara ne a aljihunsa. Mutum 1,490 suka taka a ƙafa ta gaɓar Royal Canal, wata hanyar ruwa da aka haƙa, zuwa Dublin, kilomita 165, da mata da ƙananan yara, daga nan Liverpool, aka zuba su a jirage huɗu. Virginius kaɗai ya ɗauki 476, kafin ya isa tsibirin Grosse Île na Kanada 158 sun mutu a teku da zazzaɓi. To me kike nema kuma? Ga babi uku nan a gabanki: lissafin, tafiyar, kisan. Ki rubuta ki huta.

Mai tambaya

@Maman Ilham sati biyar ya rage, kalma 15,000. Ya ce in zaɓi tambaya ɗaya.

@Baffa na gode Allah ya ƙara girma, amma 1847 an rubuta ta an sake rubutawa, me zan ƙara a kai? Kuma ni abin da na gani shi ne barandar kicin ɗin nan da takardar Cloonahee abu ɗaya ne. Gidan da aka gina yadda ba za ka ga mai dafa maka abinci ba, yaya za ka ga wanda yake noma maka a ƙauye? In na cire ginin na cire dalilin da ya sa na fara.

Baffa Mai Littafi

Wannan magana ce mai daɗi amma ba hujja ba ce. Wace takarda ce za ta nuna baranda ta jawo korar mutane? Masu duba jarrabawa takarda suke nema ba abin da kika ji a jikinki ba. Kuma Denis Mahon bai gina gidan ba, ya tarar da shi ne.

Ɗan Longford

Anti ni ba ɗan boko ba ne sosai, aikin kula da tsofaffi nake yi a nan kusa, amma na taka wani ɓangare na hanyar nan da mutum 1,490 ɗin suka bi, daga Clondra wata Lahadi. Sun ajje 'yan takalman yara na tagulla a gefen hanya jefi-jefi, ƙanana wallahi kamar na ɗana mai shekara bakwai. Na yi kamar awa biyu ƙafata ta fara ciwo ni da na ci na ƙoshi da takalmi mai kyau. Ni dai in kin rubuta kada ki manta da su. Kuma abin mamaki dankalin da muke cewa Irish a kasuwar gida shi ne fa ya ruɓe musu a gona, sai da na zo nan na haɗa lissafin.

Abu Sadik

Hmm wannan labarin gandu ya taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Kakanmu ya bar gona ta fi eka 40 da gida mai zaure uku, da ya rasu wani baffanmu ya ce shi zai riƙe amana kafin a raba, shekara 19 kenan yau, ya jinginar da rabi ya sayar da bakin titi an yi gidan mai, takardun kuma ya ce gara ta cinye. Mun je wajen dagaci mun je kotu sau nawa, kullum a ɗaga. Mahaifiyata har ta rasu ba ta ga taku ɗaya na gadonta ba. Su can ko ba komai sun ajje takarda, mu fa? Wallahi duk lokacin da na wuce gidan man nan sai na kau da kai.

Maman Ilham

Allah ya bi muku haƙƙinku Abu Sadik. Ƙanwata ni shawarata daban ce da ta Baffa. Kada ki tsaya jayayya da kowa, ki koma wajen malaminki da tambayoyi uku a rubuce ki ce ya zaɓa, wadda ya zaɓa ita za ki yi ko ba ta yi miki ba. Ni haka na tsaya kan ra'ayina lokacin nawa, aka ƙara min wata shida, kuɗin makaranta na biya, biza na sabunta, ga goyo. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Takardar shaida kika zo karɓa, littafin kya rubuta daga baya.

Baffa Mai Littafi

Hajiya ba a kai wa malami tambaya uku, nuna masa kike yi ba ki san inda kika dosa ba. 'Yata in kina son sabon abu ga shi kyauta: ki kwatanta da Arewa. Turawan nan da suka ga yadda tsarin masu gandu ya ƙare a Ailan, da Land League, ƙungiyar kare manoman haya, ta 1879 da ƙauracewar da aka yi wa Kyaftin Boycott, wakilin wani mai gandu, a Mayo a 1880, har dokar Wyndham ta 1903 da gwamnati ta ba manoma rance suka sayi gonakin da suke haya, da suka zo Arewacin Najeriya sai dokar ƙasa ta 1910 ta sa ƙasa a hannun Gwamna a matsayin amana. Ke Bahaushiya ce, wannan babu ɗan ajinku da zai iya rubuta shi.

Mai tambaya

Baffa da girmanka, ɗazu ka ce shekara 300 ta yi yawa yanzu kuma ka ƙaro min wata ƙasa. Ban karanta komai kan dokar 1910 ba, sati biyar ba zai isa ba. Kuma gaskiya ba na so a ce don ni 'yar Afirka ce dole sai na sako Afirka kafin a saurare ni. Strokestown na zaɓa.

Akwai ma abin da ban faɗa ba. Babi na biyun da ya dawo min da shi, ya ja layi a wurare da yawa ya rubuta cewa ina yanke hukunci. Na kasa rubuta sunan Denis Mahon ba tare da raina ya ɓaci ba. Na san an harbe shi ranar 2 ga Nuwamba 1847 yana dawowa daga garin Roscommon, na san an rataye mutum biyu a kan kisan, na san 'yarsa Grace sabuwar amarya ce lokacin, kisa ba abin murna ba ne. Amma bayan mutuwarsa korar ba ta tsaya ba, a 1848 Bishop na Elphin, babban limamin cocin yankin, ya buga sunayen mutum 3,006 da aka kora daga gandun a jarida. Yaya zan rubuta wannan kamar ina lissafin buhunan hatsi?

Ummu Hanif

Ni a ɗakin adana takardu nake aiki, bari in ce wani abu. Kowa yana ta 1847, ni 1979 ce ta tsaya min. Tsakanin 1919 da 1923 an ƙona manyan gidaje irin wannan wajen 275, a 1922 kuma ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Four Courts a Dublin ta ƙone da tarihin ɗaruruwan shekaru. Strokestown ya tsira, iyalan suka ci gaba da zama suna tsufa gidan na lalacewa. Wanda ya saya, Jim Callery, mai garejin motoci ne a garin, fili yake nema ya faɗaɗa sana'arsa, sai ya ci karo da takardu sama da 50,000, ciki har da koken Cloonahee ɗin da kika karanta, yankin su Callery ɗin ne ma. Maimakon ya watsar ya riƙe, har Shugabar Ailan ta lokacin, Mary Robinson, ta buɗe gidan tarihin a 1994. Tambayarki ɗaya ga ta nan: yaya gidan da aka gina don ɓoye talaka ya zama shi ne ya adana muryarsa? Barandarki ta shiga, kokenki ya shiga. Batun fushi kuma, ki jera adadin da sunayen ki yi shiru, mai karatu zai yi fushin da kansa.

Baffa Mai Littafi

Wannan aikin masu gidan tarihi ne ba na masanin tarihi ba. Za ta ƙare tana yabon mai gareji. Na faɗa na sake faɗa, 1847. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Abu Sadik

Ummu Hanif dan Allah takardar gona ta zamanin En'e in ta ɓace a ina ake neman kwafi? Kaduna ko hedikwatar ƙaramar hukuma? Zan miki magana ta inbos in ba damuwa.

Mai tambaya

@Ummu Hanif na karanta naki sau uku. Ya yi min, amma in na bi shi babi na ɗaya gaba ɗaya zai tafi, Nicholas da Hartland da yadda bashin ya taru, kalma 4,000 da na yi wata biyu a kansu, kuma ba tare da bashin ba ai ba a gane dalilin lissafin 1847. Sannan 1979 zai buƙaci in yi hira da mutane, hira kuma sai an ba ni izini daga kwamitin makaranta, wannan kaɗai zai iya cin satin biyar ɗin. Ni gani nake in na matse kowane babi na rage kamar rabi zai iya shiga yadda na tsara tun farko.

Maman Ilham

Ƙanwata ai abin da ya ce kada ki yi kenan.

Mai tambaya

Na sani Yaya. Ganawarmu ranar Talata ce ƙarfe goma. Akwai wanda ya san ko ana yarda a ƙara wa mutum sati biyu ba tare da takardar likita ba?

Ɗan Longford

Wannan kam ban sani ba Anti. Amma in za ki sake zuwa Strokestown kafin Talatar ki yi magana, ina hutu Asabar zan iya ɗaukar ki daga tashar jirgin ƙasa ni da madam.