Mage mai ciwon suga: gyaran abinci zai wadatar, ko sai an haɗa da allura?

Malam Lawal, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne, magen da aka gano tana da ciwon suga yanzu-yanzu, matuƙar tana ci tana yawonta, bai kamata a garzaya da ita kan allurar insulin ba. A fara da gyara mata kwano. Mage mai cin nama ce tun asali, amma a gidajenmu ragowar tuwo da shinkafa da gutsuren burodi ake zuba mata. Ciwon sugan da aka fi gani a maguna irin na manyan mutane ne, wanda ƙiba da rashin motsi ke jawowa, shi ya sa ya fi yawa ga muzurun da aka dandaƙe, ya kwana biyu a duniya, ya ajiye teɓa. A cire sitaci, a rage ƙiba, suga zai sauka. Insulin kuwa, ga ɗaukewar wuta, ga zafin watan Afrilu, ga kuskuren awo da zai iya kashe ta a dare ɗaya. Wanne ya fi hatsari?

Dakta Hauwa, Samaru: Wa'alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, a kan abinci ban ja da kai ba. Inda muka rabu shi ne jira. Suga idan ya daɗe a sama shi da kansa yake danne ƙwayoyin fankiriyas, wata gaɓa a ciki, masu samar da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, kullum ƙara gajiya suke yi. Allura ce ke sauke sugan da wuri har ƙwayoyin su samu sararawa su farfaɗo. Wannan ne dalilin da ya sa maguna da yawa da aka haɗa musu allura da abinci mai ƙarancin sitaci tun farko suke kaiwa ga a daina yi musu allurar cikin 'yan watanni. Wanda ya tsaya gwajin abinci kaɗai wata biyu ko uku, damar nan ce yake salwantarwa.

Kafin ma a kai nan, a tabbatar ciwon ne. Mage idan ta firgita, an cusa ta a kwali an ɗora a Keke Napep, suganta kan iya haura 250 a ma'aunin mg/dL na awon suga a jini alhali lafiyarta lau. Awo ɗaya a asibiti ba hujja ba ne. Sai an haɗa da alamomi: yawan shan ruwa, yawan fitsari, ramewa duk da tana ci kamar me. A kuma duba suga a fitsarin da ta yi a gida, ko a yi gwajin furuktosamin, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance a makon da ya wuce ko biyu. Asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na ABU yana nan Samaru, can ya kamata a fara.

Malam Lawal: Dakta, na ji. Amma ba ki taɓa batun kuskuren awo ba, kuma shi ne ya fi damuna.

Nasiru, Sabon Gari: Baba Lawal, wannan tsoron yana kan hanya, sai dai an san inda kuskuren yake fitowa. Insulin da aka fi yi wa maguna kashi biyu ne wajen ƙarfi. Mai suna Lantus U-100 ne, wato yunit 100 a kowace mililita. ProZinc da Caninsulin U-40 ne. Kowanne da sirinjinsa. Idan aka zuƙi Lantus da sirinjin U-40 har layin 1, abin da ya shiga yunit 2.5 ne, ba 1 ba. Idan kuma aka zuƙi na U-40 da sirinjin U-100, ƙasa da rabin abin da ake nufi ne zai shiga, a yi ta mamakin sugan ya ƙi sauka. Don haka a karanta jikin kwalba, a karanta jikin sirinji, lambar ta zo ɗaya. Sirinjin allurar zazzaɓi kuwa kada ma a kusance shi.

Yawanci likita kan fara da yunit 1, wani lokaci 2, sau biyu a rana, tsakani awa 12, misali bakwai na safe da bakwai na yamma. A ɗaga fatar gefen haƙarƙari da yatsu biyu, a soka a ƙarƙashin fata, a riƙa sauya wuri. Idan aka ji gashin ya jiƙe, ana shakkar ko maganin ya shiga, kada a maimaita, a jira lokaci na gaba. Suga ya kwana a sama sau ɗaya ba zai kashe ta ba, allura biyu a jere kuwa za su iya. Ba a kuma ƙara adadi don an ga lamba ɗaya ta yi sama. Sai an ba shi kamar mako guda, an yi awon suga da ɗigon jini daga gefen kunnenta sau da yawa cikin yini, likita ya duba inda sugan ya fi sauka.

Hajiya Rabi, Gyallesu: Batun wuta ma yana da mafita, Malam. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin firji, digiri 2 zuwa 8. Lantus da aka fara amfani da shi, masu yin sa sun ce zai yi kwana 28 muddin zafi bai wuce digiri 30 ba. To ɗakin kwano a Zariya da rana a bazara ya wuce haka. Sai a koma ga tukunya cikin tukunya, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa daga Jigawa: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama, a inuwa inda iska ke wucewa. A sa kwalbar cikin roba mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta. Ta fi aiki a rani lokacin da iska ta bushe, da damina sanyinta kan ragu. Abin da mutane ke yi na manna kwalbar da ƙanƙara a kula shi ne ɓarnar: insulin in ya daskare ya lalace, ko da ya narke. Lantus garau yake kamar ruwa. Ranar da aka ga ya yi gurɓi, a jefar.

Malam Lawal: To ga wata. Ku da kuke cewa a haɗa biyun, kun san cewa haɗin ne yake kawo faɗuwar suga? An sa ta a kan yunit 2 tana cin shinkafa, aka wayi gari an mayar da ita kan nama zalla, buƙatarta ta ragu, allura tana nan yadda take.

Dakta Hauwa: Nan ka taɓo gaskiya, Malam. Shi ya sa sauyin abinci ake yin sa a hankali cikin kwanaki, likita yana sane, ana awo. Alamomin faɗuwar suga kowa a gidan ya san su, har yara: sanyin jiki, tangaɗi, karkarwa, ido ya kafe, daga nan sai farfaɗiya. Ko awo ya nuna ƙasa da 70. A lakato zuma da yatsa a goga mata a dasashi, kada a ɗura mata ruwa a baki don zai iya bi ta hanyar numfashi. In ta dawo hayyacinta a ba ta abinci, a tafi asibiti, kada a yi allura ta gaba sai likita ya ce. Ranar da ta ƙi cin abinci ma, a kira likita kafin a ɗauki sirinji.

Amma ka duba ɗaya gefen. Magen da aka bari ba insulin, jikinta kan koma ƙona kitse, jini ya cika da ketones, wato sinadaran da ƙona kitsen ke haifarwa, ta daina ci, ta fara amai, ta kwanta. Wannan kwanciyar asibiti ce da ƙarin ruwa, kuma da yawa ba sa tashi. Akwai kuma lalacewar jijiyoyin ƙafafun baya: za ka ga tana taka ƙasa da dukan ƙwaurinta maimakon tafin ƙafa, tsalle kan katanga ya gagare ta.

Hajiya Rabi: Kuma "nama zalla" ɗin nan a yi hattara da shi. Tsoka kaɗai ba ta da isasshen sinadarin ƙashi, cin hanta kullum yana cutarwa, miya kuma akwai albasa da tafarnuwa, masu lalata jinin mage. Abincin maguna na gwangwani ya fi na busasshe ƙarancin sitaci, ga ruwa a ciki. Mai haɗawa a gida ya nemi likita ya tsara masa. Rage ƙiba kuwa kamar kashi ɗaya cikin ɗari a mako, wato giram 60 ga muzuru mai kilo 6. Mai ƙiba idan ta yi kwana biyu zuwa uku ba ta ci ba, kitse kan taru a hantarta. Horo da yunwa ba magani ba ne. Masu cewa a ba ta ruwan shuwaka ko metformin, ƙwayar ciwon suga ta mai gida, su ma su bari.

Malam Lawal: Na sauko daga inda na fara, amma ba duka ba. Magen da suganta ya ɗan hau, bai kai 250 zuwa 300 ɗin da yake fara zuba a fitsari ba, ba ta ramewa, ba ta yawan shan ruwa, ko wadda aka san allurar sitiroyid, maganin kumburi da ƙaiƙayi, ce ta tayar mata da shi, har yanzu ina ganin abinci da rage ƙiba ne matakin farko.

Dakta Hauwa: Wannan kam ban musa ba, sai dai da sharaɗi: a riƙa awon suga, a auna nauyinta duk mako a sikeli ɗaya, a auna ruwan da ake zuba mata da safe da wanda ya rage washegari. Ranar da ruwan ya fara ƙarewa da wuri, ko nauyi ya fara zubewa da kansa, lokacin gwaji ya ƙare. Sitiroyid ɗin ma likitan da ya rubuta shi ne zai janye shi a hankali, ba mai gida ba.