'Yan aji biyar sun koma goge-goge a darasin zane: wasa zai gyara ko ɓata aji zai yi?

Malamar Aji Biyar ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai. Shawara nake nema. Ina koyar da zane a aji biyar na firamare, yara 'yan shekara goma zuwa sha ɗaya, darasi ɗaya a mako na minti 40. Damuwata ba surutu ba ce, shirun ne ya yi yawa. Da na ce a zana wani abu, sai kowa ya kare takardarsa da hannun hagu, ya ja layi, ya goge, ya sake ja, ya goge, har takardar ta huje. A kaɗa ƙararrawa rabin ajin ba su da komai sai baƙin tabo. "Malama ni ban iya ba" kuwa na ji ta har na gaji. Akwai yara biyu da ajin ya yanke cewa su ne gwanaye, sauran sai su riƙa tura musu littafi ta ƙarƙashin benci a zana musu.

Abin da ke ɗaure min kai, yaran nan dai, a duba bayan littafin lissafinsu, cike yake da zane: mutum mai ƙaton kai, mota mai ƙafafu, kyanwa da tabarau. Suna yi suna ƙyalƙyala dariya. Ashe hannun lafiyarsa ƙalau, a darasina ne kawai yake sandarewa.

Wata abokiyar aikina ta ce in shigo da wasa da raha. Ina so, amma ina tsoron aji ya kwance min, shugaban makaranta ya leƙo ya ga kamar ba karatu ake ba. Ina kuma tsoron dariyar ta koma kan wani yaro. Don Allah wanda ya taɓa gwadawa, me kuka yi takamaimai? "Ki sa musu nishaɗi" na riga na ji ta. So nake in san abin da zan yi idan na shiga aji mako mai zuwa.

Tsohon Malamin Zane ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Kwantar da hankalinki, ba ajinki kaɗai ba ne, shekarun ne. Viktor Lowenfeld, malamin koyar da zane ɗan Ostiriya da ya koma Amurka, ya bayyana wannan a littafinsa na 1947: daga wajen shekara tara zuwa sha biyu yaro yakan fara auna zanensa da abin da idonsa ke gani, ya kuma fara damuwa da abin da tsaransa za su ce. Ɗan shekara biyar ya ja da'ira da sanduna huɗu ya ce miki doki ne, kuma ba ki isa ki musa ba. Ɗan shekara goma ya san ba doki ba ne, ya san na kusa da shi ma ya sani. Ido ya riga hannu girma, shi ke nan sai kunya. Bayan littafin lissafi kuwa ba wanda ya ce sai abu ya yi kama, shi ya sa hannun ke sakewa a can.

Ga abin da zan ce ki fara da shi. Ki ba kowa farar takarda, a naɗe ta gida uku a kwance. Da biro za a yi, ki tattara abin gogewa gaba ɗaya ki zuba a aljihun teburinki kafin a fara. Za su yi ƙorafi, ki ƙyale su. Kowa ya zana kai a kashi na sama, kan duk abin da ya ga dama, ya zarce da layukan wuya biyu su ɗan leƙa kashi na tsakiya, sai ya naɗe nasa baya yadda ba za a gani ba, ya miƙa wa na gaba. Na biyu ya ɗora gangar jiki daga waɗannan 'yan layukan, ya bar alamar ƙugu, ya naɗe, ya miƙa. Na uku ya yi ƙafafu. Minti uku kowane zagaye, ki riƙe agogo, kada ki ƙara ko da sun roƙa, don ƙarancin lokacin ne ke hana dogon tunani. Ba dole sai halitta ba, na sha yi da gini: rufi, bango, tushe.

Wasan ba na yara kaɗai ba ne. André Breton da abokansa masu zane da marubuta ne suka shahara da shi a birnin Faris wajen 1925, sun fara da kalmomi kafin su koma hoto, kuma wasu daga takardun nan suna rataye a manyan gidajen adana zane yanzu. Ki gaya wa yaran haka, suna son jin cewa manya ma sun yi.

Wurin buɗewa ne aikinki yake. Kada ki bari kowa ya buɗe a bencinsa, nan aji ke kwancewa. Ki karɓe su a naɗe, ki tsaya gaban allo ki riƙa warwarewa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kai tukuna, ki ɗan dakata, sannan jiki. Har yau ina tuna wata: kan zakara da hular sanyi, jikinsa firiji a buɗe an ɗaura masa lakatayi, ƙasa kuma 'yan ƙafafun sauro guda shida, kowace da takalmin ƙwallo. Yarinyar da ta yi ƙafafun ba ta taɓa yarda an ga takardarta ba, ranar ita ce ke ɗaga hannu tana cewa "Malam ni na yi na ƙasan!"

Kin ga sirrin: hoton ba na kowa ba ne. Mutum uku suka yi shi ba su ga juna ba, don haka in ya fito a karkace laifin dokar wasa ne, babu wanda za a nuna da yatsa. Gwanayen nan biyu ma nasu ya fito abin dariya kamar na kowa.

In dariya ta lafa sai ki tambaya: me ya ba ku dariya a nan? Wani zai ce ƙafafun sun yi wa firijin ƙanƙanta. Madalla, ya faɗi darasin daidaiton girma da bakinsa, abin da ke cikin manhajarki. Wata za ta ce zakaran kamar ya yi fushi. Ki ce ta zo ta nuna layin da ya sa shi fushin, za ta ɗora yatsa a kan gira. Ki rubuta abin da suka gano a allo.

Mako na gaba ki gwada zane ba kallon takarda. A huda ɗan kwali a zura biro ta ciki ya rufe hannu, a kafa ido a kan abin da ake zanawa, takalmi ko tafin hannun hagu, biro na bin gefensa a hankali ba a ɗagawa. Kowa nasa zai fito a wargaje, za a sha dariya, amma ki duba da kyau: igiyar takalmin da suka saba yi da layi biyu za ki gan ta da lanƙwasarta ta gaskiya, domin karon farko ke nan da suka kalli takalmin sosai.

Malam Mai Jan Biro ya amsa:

Baba, da girmanka, ina da ja kaɗan. Yaron da ya ce bai iya ba, sau da yawa gaskiya ya faɗa, kuma so yake ya iya. In kullum dodanni ake yi ana dariya, zai gane lallashinsa ake, ya fita aji shida bai san yadda ake sa inuwa a jikin kofi ba. Ni minti goma na farko nake ba wasa, sauran talatin ɗin aiki ne: haske daga ina yake zuwa, ina ya fi duhu, a yi shiru a kalla.

Sannan Malama, tsoronki na kada dariya ta koma kan wani yaro yana da hujja. Kada ki taɓa yarda a zana fuskar ɗan aji don raha. Zanen zolaya makami ne. A Faransa Honoré Daumier ya zana Sarki Louis-Philippe a matsayin ƙaton da ke haɗiye dukiyar talakawa, aka yanke masa wata shida a kurkuku a 1832. Sarki guda bai jure ba, bare yaro mai manyan kunnuwa da zai zauna da sunan da aka laƙa masa har ya gama makaranta.

Maman Ɗalibai ta amsa:

Ni ba malama ba ce, uwa ce, amma bari in sa baki. 'Yata ta zana doki, malaminsu ya ɗaga takardar sama ya ce wa ajin "wa ya kawo mana akuya?" Na san raha ya nufa, mutumin kirki ne. Ajin ya yi dariya, ita ma ta yi don kada a ce ta ji haushi. Tun ranar ba ta ƙara zana komai a gida ba, kalolinta ma ta ba ƙaninta. Don Allah malamai, abin da yaro ya zauna shi kaɗai ya zuba ƙoƙarinsa a kai, kada a yi wasa da shi ko da da kyakkyawar niyya.

Malamar Aji Biyar ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Maman Ɗalibai, maganarki ta taɓa ni. Baba, saura abu biyu: maki fa? Dodon mutum uku wa zan ba? Kuma in shugaba ya leƙo ana tsakiyar dariya me zan ce?

Tsohon Malamin Zane ya amsa:

Kada ki sa wa wasan maki ko ɗaya. Ranar da jan biro ya hau takardar nan, hannun hagu zai dawo ya rufe ta. Makin yana aikin da zai biyo baya: kowa ya zaɓi dodo ɗaya daga waɗanda aka buɗe, ya sake zana shi shi kaɗai da fensir a babbar takarda, ya sa masa inuwa, ya nuna santsin firiji daban da gashin zakara. A nan maganar Malam Mai Jan Biro ta shigo, kuma ban musa masa ba, sai dai na lura yaro ya fi haƙurin sa inuwa a jikin dodonsa fiye da jikin kofi. Ba wanda zai ce masa bai yi kama ba, tunda ba wanda ya taɓa ganin dodon.

Inda muka rabu da shi kaɗan shi ne fuska. Ta ɗan aji, haram, na yarda. Amma ni nakan zauna a kujera in ce su zana ni ba kallon takarda, in fara yi musu nawa a allo ido a rufe, hanci ya faɗo a kan kafaɗa. In sun ga Malam ya kwafsa a gabansu bai mutu ba, sai su saki jiki. Wannan ya danganta da ke da ajinki, in kin san za su wuce gona da iri ki bar shi.

Shugaba kuwa, ki riga shi. Kafin yara su shigo ki rubuta manufar darasi a saman allo, "daidaiton girman sassa", ki kuma liƙa hotuna biyu a gefe. Ɗaya hoton kan bijimin da Picasso, shahararren mai zane ɗan Sifaniya, ya haɗa a 1942 da sirdin keke da ƙarfen da ake riƙewa a tuƙa shi, ba komai a ciki sai waɗannan biyun. Ɗayan hoton Sarki Rudolf na Biyu da Giuseppe Arcimboldo ya yi wajen 1590, fuskar gaba ɗaya da 'ya'yan itatuwa da kayan lambu da furanni aka harhaɗa ta, kumatu tuffa, gashi inabi da zangarniyar alkama, kuma mai zanen fada ne ya yi wa ubangidansa. In shugaba ya leƙo, ki gayyace shi ciki, ki miƙa masa takarda a naɗe ki ce saura ƙafafu.