Wa zai tallafa wa wanda ya fito daga kurkuku?

Mazaunin Aboabo: Assalamu alaikum. Ƙanena ya fito daga kurkukun Kumasi da sana'ar ɗinki a hannunsa, amma ba shi da keken ɗinki, kuma ina tsoron zaman banza ya mayar da shi wurin tsofaffin abokansa. Shin Asusun Raya Zango, wanda gwamnatin Ghana ta kafa don bunƙasa unguwannin Zango, yana taimaka wa irinsa?

Malama daga Asawase: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Dokar 2017 da ta kafa asusun ta tanadi tallafa wa ƙananan sana'o'i, don haka ku je wurin ɗan majalisar unguwarku da takardar shaidar sana'arsa.

Dattijo daga Nima: Ɗana, a ganina keken ɗinki ɗaya ya fi araha ga gwamnati a kan ciyar da mutum shekaru a kurkukun Nsawam. Kafin kuɗin su zo, ku roƙi wani tela ya ba shi gefen shago.