Hip hop ya ƙi tsufa: shawarwari ga matasan mawaƙa

Tun shagalin da DJ Kool Herc ya yi a unguwar Bronx ta birnin New York a watan Agustan 1973, wanda ake ɗauka a matsayin mafarinsa, hip hop (salon kiɗa da waƙar rap) ya haura shekara 50, kuma a 2017 shi da salon R&B suka sha gaban kiɗan rock wajen yawan masu saurare a Amurka. Da aka zauna tattaunawa kan abin da ya hana shi gushewa, yawancin shawarwarin sun karkata ne ga matasanmu masu son waƙa.

An ce kada yaro ya jingina da kiɗa ɗaya. Salon shekarun 1990 na yanko sauti daga tsofaffin faifai ya ba da hanya ga salon trap mai rugugin injin kiɗan ganga na 808, yanzu kuma afrobeats da amapiano sun cika wayoyin samari. Abin da bai sauya ba shi ne iya jera baiti a kan bugu. A nan aka fi daɗewa, kuma ina tare da masu tattaunawar ɗari bisa ɗari: mai rap da Hausa a Kano ko Kaduna yana da jari a kirari da habaici da karin magana, bai kamata ya watsar da su ya ari lafazin mawaƙan birnin Atlanta na Amurka ba. Wani ya ce a fara gwada baiti da tafi kawai, ba kiɗa. In ya zauna a kunne, sai a shiga situdiyo.

Batun TikTok, an yarda a yanko ɗan guntun da ke kama kunne, amma a kammala waƙar tukuna. Iyaye kuma su zauna su saurari kalmomin tare da 'ya'yansu kafin su yanke hukuncin hanawa.