Littattafan "da a ce" sun ɓace ne?

Malam Sani: Jama'a, abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙagaggun labaran "da a ce", waɗanda ake karkatar da tarihi a gaɓa ɗaya a bi abin da zai biyo baya, masu kyaunsu duk sun ɓace. Na yanzu kullum Hitila ne ya ci yaƙi. Ina irin Pavane na Keith Roberts, 1968, inda aka kashe Sarauniya Elizabet ta ɗaya a 1588, jiragen ruwan Sifen suka ci Ingila?

Hajiya Binta: Malam, ɓacewa daban, daina bugawa daban. Kamfanin ɗab'i ya sayar da kwafinsa na ƙarshe bai sake bugawa ba, shi ke nan. Pavane ma an sha sake buga shi.

Malam Sani: Abin da ba ya kan kanta ai ya ɓace.

Auwal: A'a yaya. Neman ne ake kuskurewa. Littafin da ya fito kafin 1970 galibi ba shi da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, in ka nema da ita ba za ka samu ba. Haɗa sunan marubuci, kamfani da shekara, ka duba wurin dillalan tsofaffin littattafai. Ka nemi hoton shafin haƙƙin mallaka da na ƙashin bayan littafin. Masu bango mai laushi na shekarun 1950 takardarsu mai arha ce, tana ja tana karyewa, gam ɗin kuma ya bushe. Buɗewa ɗaya shafuka su zube.

Hajiya Binta: A kiyayi sababbin bugu na "biya a buga maka". Wasu hoton tsohon kwafi aka ɗauka, na'ura ta karanta, ba wanda ya gyara. Taswira takan fita baƙi ƙirin.

Kabiru: To me ya hana a sake bugawa da kyau?

Auwal: Haƙƙin mallaka. A Tarayyar Turai shekara 70 bayan rasuwar marubuci. A Amurka tsofaffin littattafai shekara 95 daga bugawa, amma wanda ya fito kafin 1964 sai in an sabunta rajistarsa a shekara ta 28. Wani lokaci kamfanin ya rushe, magada ba a san inda suke ba.

Kabiru: Cikin na kafin 1964 akwai Bring the Jubilee na Ward Moore, 1953, inda ɓangaren Kudu ya ci gumurzun Getisbag a yaƙin basasar Amurka.

Malam Sani: Wannan ba ya cikin labaran "da a ce", akwai na'urar komawa zamanin baya a cikinsa.

Kabiru: Haba Malam! Duniyar da labarin ya fara a cikinta ai karkatacciya ce tun 1863.

Malam Sani: Kai dama duk abin da Hajiya ta taɓa yabawa kake bi.

Hajiya Binta: Ni ban ambaci Moore ba. A bar sunana.

Kabiru: In tsufa ake so, Louis Geoffroy ya sa Napoliyon ya ci Rasha da duniya tun 1836. Ga shi a intanet kyauta, da Faransanci.

Auwal: Bari in taƙaita. An yarda ba abin da ya ɓace, rashin iya nema ne, kamar yadda na faɗa tun farko. Maganar Moore kuma Kabiru ne da gaskiya.

Malam Sani: Wa ya yarda? Maganar Hitila fa, har yanzu ba wanda ya taɓa ta.