Ƙanina ya rasa ƙafa a hatsari, shin yana cikin waɗanda gwamnati ke tallafa wa?

Yayan Mai Acaɓa:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanina ɗan acaɓa ne a Zariya. Bara da damina mota ta kaɗe shi, aka yanke masa ƙafar dama daga gwiwa. Matarsa da 'ya'ya uku duk sun dawo hannuna, ni kuwa ɗinki nake yi. Na je wani ofis neman tallafi, wanda na tarar ya ce wai sai wanda aka haifa da naƙasa. Maganar ta tsaya mini a rai. Haka dokar take?

Malamin Makafi:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara masa haƙuri. Malam, ba haka ba ne. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ba ta raba wanda aka haifa da larura da wanda ta same shi da girmansa ba. Sai dai kar ka sa rai da albashin wata daga gwamnatin tarayya, babu shi a dokar. Daga cikin abin da ta tanadar musu akwai kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, karatu kyauta har sakandare, da ba su fifiko in ana bin layi. Ka fara da rahoton likitan da ya yi masa aiki, daga asibitin gwamnati, da hatimi. Da shi ake neman takardar shaidar naƙasa a hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa, wato NCPWD, da aka kafa a 2020.

'Yar Dutse:
Mu nan Jigawa a 2007, zamanin Sule Lamido, aka fara biyan masu naƙasa tallafi, a lokacin naira 7,000 a wata. Amma na 'yan jihar ne, kuma kowace ƙaramar hukuma da adadinta. Ku tambayi tsarin Kaduna, kowace jiha da nata.

Baba Mai Keke:
Ɗana, ni shan inna ce ta kama ni tun ina yaro. Kai shi wurin shugaban guragu na unguwarku, ya shiga reshen JONAPWD, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu naƙasa ta ƙasa. In rabon keke ko jari ya zo, a wurinsu ake karɓar sunaye. Ya yi NIN, ya buɗe asusun banki da sunansa. Kuma don Allah ka riƙa fita da shi, zaman ɗaki ya fi ciwon cin rai.

Yayan Mai Acaɓa:
Na gode, Baba. NIN yana da shi. Litinin in Allah Ya kai mu zan koma asibiti karɓo rahoton.